Injin ya tashi, saura takarda

A bayan gidanmu, tsakanin rumbuna da turken shanu, akwai wata Fijo 404 akori-kura da ta fi shekara ashirin a kan duwatsu huɗu. Ta Baffana ce, Allah ya jiƙansa. Ya saye ta hannu na biyu a Kano a farkon shekarun 1980, lokacin da ruwan madatsar Watari ya fara ratsa gonakin ƙasar Bagwai, noman rani ya kankama, tumatir da albasa suka fi ƙarfin jaki da amalanke. Da ita ya riƙa kai kwanduna Badume da Bichi, wani lokaci har 'Yankaba. Ranar da giyarta ta ƙi shiga aka tura ta bayan gida, aka ce sai bayan kaka a gyara. Kaka ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ciwon ƙafa ya kama Baffa, maganar ta bi ruwa. Kaji suka mayar da bodinta akurki. Yaran gida kuwa babu garin da ba su je ba a kan sitiyarinta, har Makka.

Bara, da kuɗin hayar mota ya ishi kowa, ƙanena, ɗan Baffa na uku, ya ɗauko wani bakanike daga Bichi, dattijo mai furfura da ya buɗe ido a kan Fijo. Ya kwance fulogai, ya ɗura baƙin mai a ramukan ya bar shi kwana biyu, ya wanke kafireto da fetur a tsohon kwanon sha, ya rataya galan a jikin ƙofa ya ja tiyo, ya jona batirin aro. A rana ta uku ta yi tari, ta sake tari, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, mata suka ɗauki guɗa, Inna ta koma ɗaki tana share hawaye da gefen mayafi. Bakaniken ya goge hannu da tsumma, ya dubi ƙanena ya ce, "To Alhaji, nawa aikin mai sauƙi ne. Ina takardunta?"

Aka buɗe akwatin ƙarfen Baffa, aka tarar gara ta riga mu. Abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba: rabin rasit mai ɗauke da sunan wani ɗan kasuwar Kano da ba wanda ya san inda zuriyarsa take. Sai 'yar takardar lasin da ke manne a gilas, wadda rana ta shanye rubutunta, da tsohuwar lamba mai farawa da KN.

Ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan ajiya ba. Wanda ya zaga ƙauyukan Bagwai da Shanono da Tsanyawa da Dawakin Tofa zai ga gawarwakin Fijo a gindin darbejiya, a bayan masallaci, a kangon gareji. Dalilin yana cikin tarihi. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a shekarar da Volkswagen ya fara fitar da tasa mai kama da kunkuru a Legas. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata, ga bashin sayen mota. Bayan kisan Janar Murtala a ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, Fijo 504 ta zama motar manyan jami'ai. Abin da gwamna ke hawa shi malamin makaranta ke mafarki. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har bayan shekara ta 2000, alhali a Faransa, inda aka haife ta a 1968, tuni an daina yayinta. Waɗannan motoci sun tsufa, sun sauko daga birni zuwa ƙauye hannu bayan hannu, kuma a kowane hannu sai wata takarda ta faɗi.

Yau mutum biyu ke neman tayar da su. Akwai mai sha'awa a Nassarawa ko Abuja, wanda ke son ya ga 504 irin ta mahaifinsa tana ƙyalli ranar ɗaurin aure. Akwai manomi irin ƙanena, wanda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira ya san Hilux ko ta hannu ba sa'arsa ba ce. In suka isa gaban teburin jami'in rajista, tambayoyin da za a yi musu iri ɗaya ne, kuma haraji shi ne na ƙarshe a cikinsu, shi ne kuma mafi sauƙi. Mutane kan fara da tsoron haraji, su manta da tambayar farko: motar ta wa ce?

A Amurka kusan kowace mota na da takarda guda da jiha ke bayarwa, wadda ita ce shaidar mallaka. In an sayar, a sa hannu a bayanta. Mu a nan mallaka tarkace ce da ake haɗawa: rasit na ciniki, takardar yarjejeniya, takardar da aka ba da lamba da ita, shaidar mallaka, lasin, takardar kwastan in daga waje motar ta zo. Wannan tarin shi direbobi ke kira fatikula. Kuma al'adarmu ta ciniki ba ta taimaka ba. An yi ciniki a gaban dillali da shaidu biyu, an ce "Allah ya sa albarka", an biya la'ada, an miƙa mukulli da takardu a leda. Zuwa ofis a canja suna kuwa sai wanda ya ga dama. Baffa ya yi shekaru yana sabunta lasin da sunan mutumin Kano, bai taɓa ganin aibun haka ba, domin duk ƙauyen sun san motar tasa ce. A idon gwamnati kuwa Baffa bai taɓa mallakar mota ba.

Sai kuma maganar gado, wadda ta fi ba mu wuya. Da Baffa ya rasu an raba gonaki da gida da shanu da buhunan hatsi, malamai suka fitar wa Inna tumuninta, maza suka ɗauki ninkin na mata. Ba wanda ya ambaci motar, don a lokacin ƙarfe ce da kaji ke kwana a ciki. Ranar da ta yi tari ta kama, ranar ta zama dukiya. Da dare Inna ta aika aka kira ƙanena, ta ce masa, "Kai ka kashe kuɗinka, na sani. Amma motar nan ba a raba ta ba, kuma ba zan kwanta kabari da haƙƙin 'yan'uwanka mata a wuyana ba." Ta yi gaskiya, a shari'a da kuma a ofis. Magada goma sha ɗaya ne, mota ba ta yankuwa kamar gona. Hanyar ita ce a kira waɗanda suka san kasuwa su yi mata kuɗi a yadda take kafin gyara, wanda zai riƙe ta ya biya sauran rabonsu ko su yafe masa a rubuce, sannan a kai gaban alƙalin kotun shari'a ya tabbatar ya ba da takarda. Wannan takarda ta alƙali ita ce igiyar da ke ɗaure sunan mamaci da sunan mai rai. Wanda ya tsallake ta ya je ya yi rantsuwa cewa shi ya sayi motar, ya yi ƙarya a gaban hukuma, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga duk ɗan'uwan da ransa ya ɓaci nan da shekara biyar.

Takardun da suka ɓace suna da tasu hanya, sananniya: takardar rantsuwa daga kotu da ke bayyana abin da ya ɓata da yadda ya ɓata, sai rahoton 'yan sanda. Mutane na raina wannan mataki, suna ganin cin kuɗi ne kawai. Amfaninsa na fitowa ranar da wani ya zo ya ce motar tasa ce aka sace a 1994. 'Yan sanda na da rajistar motoci ta ƙasa, wadda suka mayar ta kwamfuta. A Yulin 2024 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da tilasta wa jama'a sabuwar rajistar bayan ƙorafi ya yi yawa, amma rajistar na nan, kuma a can ake duba ko an taɓa kai ƙarar satar mota. Mai sayen tsohuwar mota daga hannun baƙo ya fi kowa bukatar wannan bincike, tun kafin ya biya. Sayen kayan sata laifi ne mai zaman kansa, kuma "ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum daga caji ofis da wuri ba.

Bayan an san mai ita, sai a san ita kanta. Sunan mota na gaskiya shi ne lambar casis, wadda aka buga a jikin ƙarfe, da lambar inji. Na tsaya a kan bakaniken nan yana neman tamu. Ya ɗaga banet, ya sa kananzir da burushin waya yana gogewa a hankali, yana hana ƙanena kawo takardar yashi. "Kar ka kankare, Alhaji. In ka cinye harafi ɗaya, cewa za a yi da gangan ka goge." Da lambobin suka fito sai ya ɗora farar takarda a kai ya murza fensir, suka bayyana fari a cikin baƙi. Lambar casis ta yi daidai da ta 'yar farantin da aka ƙusa a ɗakin inji. Ta inji kuwa daban take da abin da ya rage a rasit, sai Inna ta tuna shekarar da Baffa ya je Ƙofar Ruwa ya sayo wani injin. Babu Fijon da ta yi aikin ƙauye shekara goma sha biyar da injinta na asali. Canjin inji ba laifi ba ne, ɓoye shi ne ke jawo tuhuma. A faɗe shi a takardar rantsuwa, a rubuta sabuwar lambar.

A nan tsohuwar mota ke karo da sabon zamani. Tun 1981 yawancin motocin duniya suka koma lamba mai harafi da alƙaluma 17, kuma manhajojin da hukumomi ke aiki da su yau an gina su ne da wannan zato. Casis ɗin 404 bai kai haka tsawo ba. Yaron da ke gaban kwamfuta, wanda motar ta girme shi, na iya cewa lambar ba ta cika ba. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne a cike gurbin da sifiri ko a ƙirƙiro haruffa don kwamfuta ta karɓa, domin daga ranar abin da ke takarda ya saɓa da abin da ke jikin ƙarfe, kuma duk shingen da aka tsaya sai an yi bayani. Gara a nemi babban jami'i, a sa ya ga motar da idonsa.

Ita tsohuwar lambar KN, wadda yara suka so cirewa su yi faifan wasa, ita ce mafi daraja a cikin abin da ya rage mana. Tana shaida cewa an taɓa yi wa motar rajista a Nijeriya, wato maganarmu ta sabunta rajista ce da canjin suna da canjin lamba, ba ta shigo da baƙuwar mota ba. Lamba ta canja fuska sau biyu tun lokacin. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, a 1988 zamanin Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 1992 aka fito da lamba ta bai-ɗaya mai sunan jiha da kirarinta, haruffa uku na ƙaramar hukuma a ƙarshe. A 2011 aka sake, aka sa taswirar ƙasa, haruffan ƙaramar hukuma suka dawo gaba. Motar da ta yi barci tun kafin waɗannan canje-canje ba ta cikin kwamfutar kowa. Tarihinta na cikin manyan littattafan rajista na ofisoshin lasin, in gara ta bar su. Kuma a tuna, KN ta wancan zamani ta haɗa da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Dutse, kafin a cire Jigawa a 1991. Katsina ma a ƙarƙashin KD take har 1987. Mai bin sawun tsohuwar lamba na iya samun kansa a wata jiha.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma bambancin babba ne. Motar da aka harhaɗa a Kaduna ba ta taɓa ƙetare iyaka a matsayin mota ba, saboda haka babu kuɗin fito a kanta, babu takardar kwastan da za a nema. Wanda ya ce sai ka kawo, ka nuna masa farantin kamfani da tsohuwar lamba. Amma yankinmu bai da nisa da iyaka. Hanyar da ta ratsa Bichi da Tsanyawa ita ce ta Katsina, daga can Jibiya, daga can Maraɗi. Motoci da yawa sun sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, sun hauro Nijar, 'yan fito sun shigo da su ta daji da dare, aka manna musu lamba ba tare da an biya ko kwabo ba. Irin wannan mota, ko ta shekara talatin a Nijeriya, bashin kwastan na kanta, ba ya ruɓewa. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa gaba ɗaya. A Maris na 2017 hukumar kwastan, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta ba masu motoci wata guda su je su biya abin da ake bin su, majalisar dattawa ta tayar da ƙura har aka jingine shirin. A Maris na 2024 aka sake buɗe ƙofa ta kwana 90 don a biya kuɗin fito. Irin wannan ƙofa takan buɗe ta rufe, kuma mai motar da ba ta da asali sai ya kasa kunne. Mai sha'awar da ke son sayo tsohuwar Marsandi daga Jamus kuwa ya sani akwai iyakar shekaru ga motar da za a shigo da ita, wadda aka rage daga 15 zuwa 12, kuma ƙa'idar ba ta ware motar tarihi daga gwanjon da ya gaji ba.

Akwai wani tarko da ya shafi motocin da suka fi tamu tsufa. Har zuwa 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya na tuƙi ne a hannun hagu irin na Ingila, motoci na da sitiyari a dama. Dokokin hanya na yanzu sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. Saboda haka Morris ko Land Rover ta kakan wani, wadda rasit ɗinta ke da fam da sule don ta riga naira zuwa a 1973, ta faɗa tsaka mai wuya: a juya sitiyarin a ɓata asalinta, ko a bar ta ado a gida.

Gwajin lafiyar mota aikin jami'an VIO ne na jiha, kuma shi ne matakin da nake roƙon kowa kada ya saye shi ta bayan fage. Inji na tashi bayan shekara ashirin, robobin burki ba sa tashi. Tiyon ruwan burki ya bushe ya tsattsage, tayoyin da suka yi zaman rana sun mutu ko da zanensu na nan, tsatsa ta ci casis ta ciki inda ido ba ya gani. Motar nan kwando talatin za ta ɗauka, da yara uku a saman kaya, ta hau titin Kano zuwa Katsina tsakanin tireloli. Takardar da aka saya ba tare da an taka burki ba, takarda ce kawai.

Sai haraji. Mutumin karkarar Kano na da tsohuwar jiƙaƙƙa da wannan kalma. Dattawa na tuna yadda ake kwana a daji don gudun masu karɓa, suna kuma tuna 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Shi ya sa da an ce haraji sai gaba ya faɗi. Na mota bai kai yadda ake tsoro ba. Dokar 1998 da ta raba wa matakan gwamnati abin da kowa zai karɓa ta ba jihohi harajin hanya, ta ba ƙananan hukumomi kuɗin tasha. FRSC ke buga lamba da riƙe rumbun bayanai, amma kuɗin rajista da lasin na shekara hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar Kano ke karɓa, gwargwadon nau'in mota da girman inji. Za a nemi lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Daga Yulin 2023 aka ƙara naira 1,000 duk shekara don sabunta shaidar mallaka. Launin rubutun lamba ma magana ce: shuɗi na gida, ja na haya, kore na gwamnati. Manomin da zai ɗauki tumatirinsa kaɗai daban yake da wanda zai ɗauki na maƙwabta a biya shi, kuma kowa ya san akori-kura a ƙauye ba ta tafiya da kayan mutum ɗaya. Gara a faɗi gaskiya a ɗauki ja tun farko, da a riƙa rigima da 'yan KAROTA, waɗanda tun 2012 suke kan titunan Kano, duk ranar kasuwa.

Tambayar da ke hana mutane barci ita ce ta bashin baya: shekara ashirin ba a sabunta lasin ba, za a ninka ne sau ashirin? Wasu jihohi kan lissafa bashin shekarun da aka tsallake. A ganina lasin kuɗin hawa titi ne, kuma motar da ke kan duwatsu ba ta ci kwaltar kowa ba. Ingila ta warware wannan tun 1998: mai mota na sanar da hukuma cewa ya ajiye ta, daga ranar babu haraji har sai ta koma titi. Mu ba mu saba da irin wannan sanarwa ba, sai abin ya koma hujja da shaida: hoton motar a inda ta kwanta, wasiƙar dagaci, rantsuwar kotu. Ko nawa aka yanke, a nemi a rubuta shi a takardar hukuma, a biya a asusun gwamnati, a karɓi rasit mai lamba.

Inshora ita ce aka fi yi wa jabu. Dokar da ta wajabta inshorar kare wanda aka buge ta samo asali tun 1945, ta girmi ƙasar. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiya ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ta motar kaya da ta haya ta fi haka. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsawa a kanta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar zamani ba, akwai kamfanonin takaful da aka gina a kan taimakekeniya ta Musulunci, takardarsu kuma karɓaɓɓiya ce. Ana iya duba sahihancin inshora da na lamba ta waya, a rumbun kamfanonin inshora da shafin FRSC.

Na ambaci jabu ne don mun kusa faɗawa. A gindin wata bishiya kusa da wani ofis a birni, wani mutum mai jaka ya tare mu da fara'a. Ya saurari labarin rabinsa, ya katse mu. "Ranka ya daɗe, duk wannan wahala ta mece ce? Kawo kuɗi, jibi ka zo ka karɓi komai, har ta kwastan." Na ce motar ai Kaduna aka yi ta. Ya ce ba komai, ya fi kyau a haɗa da ita. Bai tambayi lambar casis ba, bai ce zai ga motar ba. Abin da irinsu ke yi sananne ne: ko su buga takardu a shagon kwamfuta, ko su ɗauko na wata motar da ta mutu su liƙa wa taka. Takardun kan wuce shinge goma, a na sha ɗaya a danna lambar a waya ta fito da sunan wata Golf a Anaca. Amma ban ga laifin masu zuwa wurinsu sosai ba. Mutum ya baro ƙauye da asuba, ya biya kuɗin mota, an ce ya dawo gobe, gobe an ce mai sa hannu ya fita. A karo na uku zai nemi mai jaka da kansa.

Ƙasashen da suka ɗauki tsofaffin motoci da daraja sun yi musu ƙofa ta daban. A Ingila motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya, tun 2018 kuma an ɗauke mata gwajin shekara-shekara in ba a sauya ta sosai ba. In takardunta sun ɓace, ƙungiyar masu irin motar na duba ta ta ba da shaida, hukuma ta mayar mata da lambarta ta asali. Faransa na da rajistar motocin tarihi daga shekara 30, Jamus ma haka, da harafin H a ƙarshen lamba. Ba duka za mu kwaso ba. Motocinsu na fita ne ranar Lahadi a zaga gari a dawo, namu aiki za su yi, don haka yafe gwaji a nan kisan kai ne. Abin ɗauka shi ne sun yarda takarda na ɓata, sun kuma tsara yadda za a maye gurbinta da wata shaida.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta jihohin Amurka da dama. Wanda ke riƙe da mota babu takardar mallaka yana ajiye lamuni, galibi ninki ɗaya da rabi na kuɗin motar, a ba shi takarda ta wucin gadi. In shekaru uku suka wuce, a yawancin jihohin, ba wanda ya fito da hujja, takardar ta zama cikakkiya. Duk almajirin da ya karanta babin tsintuwa a fiƙihun Malikiyya zai gane wannan: a yi cigiya shekara guda, in mai abu bai zo ba a yi amfani da shi, in ya zo daga baya a biya shi. Muna da mai unguwa da dagaci da hakimi da suka san motar wa ta kwana a ina tun yaushe. Muna da alƙalai masu ba da takardar gado. Muna da kanikawan Fijo da za su gaya maka shekarar mota daga siffar fitilarta. Abin da ya rage jihar Kano ta haɗa waɗannan a takarda guda ta motocin da suka haura shekara 30: shaidar dagaci, binciken 'yan sanda, cigiya a rediyo na wata uku, gwajin VIO na gaske, kuɗi ƙayyadadde da aka rubuta a bango, babu bashin baya. Gwamnati za ta sami mai biyan lasin duk shekara a inda yanzu ba ta samun komai. In ba haka ba, mai cin riba shi ne ɗan gwangwan, wanda ke zagayawa da sikeli yana sayen 404 a kilo, a sare ta da wuta a loda a tirela. Ya zo gidanmu sau biyu.

Mu dai mun bi doguwar hanya. An yi rantsuwa, an karɓo rahoton 'yan sanda, an canja tiyoyin burki da tayoyi huɗu, giya ta dawo daga Ƙofar Ruwa. Dillalai biyu sun yi wa motar kuɗi a gaban liman, magada goma sun sa hannu, uku daga cikinsu sun yafe rabonsu. Saura ƙanwarmu da ke aure a Kazaure, wadda ta aiko cewa ba ta ƙi ba, amma sai ta zo da kanta ta ga motar Baba tana tafiya, kuma ba za ta iya hanya ba sai ta yi arba'in. Tumatirin bana a motar haya ya tafi Badume. Ƙanena kan tayar da injin duk Juma'a bayan sallah don kada batir ya kwanta, kajin su watse su koma gindin rumbu, in ya kashe su dawo.